Waken da Ya Zo da Toka

Nasarawa GRA, Kano.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ko da yake na san inda za ta same ki, a ɗakinki, kina fama da akwatin nan da ya ƙi rufuwa. Allah Ya kai ki Abuja lafiya ranar Asabar, Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa.

Za ki yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma na zauna ina rubuto miki. Ummi, kin san halina. Idan na fara magana da baki muryata tashi take yi, ke kuma sai ki sunkuyar da kai ki ce "To, Abba," a tashi ba ki ji komai ba sai faɗa. Shi ya sa na rubuta. Na ba Mamanki ta miƙa miki tun yau Alhamis, domin akwai abin da nake so ki yi kafin ki kama hanya, zan faɗa miki shi a ƙarshe.

Ranar Lahadi muna cin abincin rana, ana hirar sabon aikinki a ofishin da ke ba manya shawara kan abinci da farashinsa, kika ce, "Abba, ni fa ban yarda manoma suna cikin wahala ba. Lokacin da buhu ya yi tashin gwauron zabo su suka kwashi kuɗi, ba mu ji kukansu ba. Yanzu da talaka ya fara numfasawa sai su cika mana rediyo da koke-koke." Na ajiye cokali na tashi, kika ɗauka haushinki na ji. Na ji haushi ƙwarai, har yanzu ma bai sauka ba. Amma ba ke kika ƙirƙiro maganar nan ba. A bakina kika koye ta, a falon nan, shekara da shekaru. Abin da ba ki sani ba shi ne maganar ta riga ta yi ɓarna a gidanmu. Baffanki Idi, ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe gonar kakanki tun kafin a haife ki, ban san ko zai shuka ta bana ba. Kuma da hannuna a ciki dumu-dumu. Saboda haka zan jera miki wautata ɗaya bayan ɗaya, ki karanta, kada ki tafi da ita Abuja a cikin akwati.

Wauta ta farko tsohuwa ce. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin gwamnati a ɓangaren gona, kuma in za a faɗi gaskiya rabin abin da na sani game da manoma ta tagar mota na gan shi. Idan za mu fita rangadi, sai a aika wa mai gari tun saura mako. Muna isa a kai mu gonar da ta fi kowace kyau, wadda take bakin titi, dawa ta yi kore shar har tana sheƙi. A shimfiɗa mana tabarma, a dama fura, a yi jawabi. Da za mu tashi a zuba mana kaji da ƙwan zabi a bayan mota. Mu dawo Kano mu rubuta cewa damina ta yi albarka, manoma suna cikin walwala. Ban taɓa cewa a kai ni gonar da ke bayan waccan ba. Ban taɓa tambayar kazar wa aka kama ba. Kuma kullum da kaka muke zuwa, lokacin da ko wanda ya fi kowa talauci a garin yana da dami a tsakar gida.

Ke kada ki yi haka. Idan an kai ki gona, ki yaba, sannan ki ce a taka da ke zuwa ta bayanta. Ki je ƙauye a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, ki shiga cikin gida wurin mata, abin da ni ban isa in yi ba ke kin isa. Ki tambayi matar gida abin da ta ɗora jiya. Mutumin ƙauye zai yanka miki kazarsa ta ƙarshe yana murmushi, ki koma ki rubuta cewa suna cin nama.

Wauta ta biyu ta fi ba ni kunya, don a nan ba zan ce ban sani ba. Kin tuna da na yi ritaya na karɓi fili a bayan gari na ce zan nuna wa mutane yadda ake noman zamani? Na sayi hular rana da takalmin roba, kuna ta yi mini dariya ke da Mamanki. Damina biyu na yi. Na je sayen taki aka faɗa mini kuɗinsa, na ɗauka mai shagon wasa yake yi. Mai tarakta ya ce mai ya hau, shi ma ya hau. Maganin feshi ya hau. 'Yan ƙwadago suka ce su ma a kasuwa ɗaya muke sayen abinci, kuma gaskiyarsu. Mai motar da zai ɗauko amfanin ya yanka nasa, a hanya kuma kowane shinge da mai miƙo hannu. Da na kai masarar kasuwa abin da aka taya bai kai abin da na zuba ba. Na tattara takalmin robana na dawo gida, na ce yaran gonar ne suka cuce ni. Ban kwana da yunwa ba, don fansho na shigowa, ba a kuma kore ki daga makaranta ba. Na kira abin sha'awa ce da ba ta karɓe ni ba, na wuce.

To ki dubi wannan mutumin, wanda ya ɗanɗana da bakinsa ya tofar, shi ne kuma kowace la'asar yake zaune a majalisarmu ta gidan abokina Alhaji Garba a Giginyu, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, yana cewa manoma ƙarya suke, sun fi ma'aikaci kuɗi. Abin da ya kayar da ni cikin damina biyu, Idi yana ɗauke da shi kowace shekara ba fansho ba albashi, amma ban taɓa haɗa biyun a kaina ba.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, duk wanda ya ce miki "manoma," ki tambaye shi wane manomin. Alhaji Garba ma manomi yake kiran kansa idan ana rabon wani abu. Bai taɓa sunkuyawa da fartanya ba, amma yana da sito guda uku. Da kaka, lokacin da kowa ya kawo hatsi kasuwa farashi ya kwanta, shi yake aika yara su saye. Ya kulle, ya jira. Buhun nan da kika ji ya yi tsada har kika ce manoma sun kwashi kuɗi, a lokacin da ya yi tsadar ya daɗe da barin hannun wanda ya nome shi. Irin su Idi da kaka suke sayarwa, don ciwo da suna da kuɗin makaranta ba sa jiran farashi ya tashi. Idan damina ta yi tsakiya kuma su dawo kasuwa su sayi hatsin nan nasu da kwano, da tsadar da ake zaginsu a kanta. Akwai waɗanda suka samu a shekarun tsada, ban musa ba, wasu sun yi rufin kwano wasu sun sayi babur. Amma a ɗauki mai sito a haɗa da mai kadada biyu a kira su suna ɗaya, a yanke musu hukunci ɗaya, wannan zalunci ne, ko da an rubuta shi da Turanci mai kyau an sa masa hatimi.

Yanzu ga babbar. Kakanki Malam, kafin ya rasu, ya roƙe mu kada a yanka gonarsa. Ya ce Idi ya riƙe, amma kowace kaka a aika wa kowane ɗa nasa rabo, ko kwano ɗaya ne, don kada jikokinsa na birni su tashi ba su san ɗanɗanon ƙasarsu ba. Muka amince. Tun daga nan kaka ba ta taɓa wucewa ba sai motar kasuwa ta tsaya a ƙofar gidan nan an sauke gero da dawa da wake. Kin sha gani. Ni kuma na mai da buhunan nan hujja. Duk wanda ya ce manoma na shan wuya sai in ce ya zo gidana ya ga abin da ake sauke mini.

Kakar da ta wuce aka yi shiru. Wata ya wuce, mota ba ta zo ba. Maimakon in tambayi kaina ko lafiya, sai na ɗauki waya a tsakiyar majalisa, na buɗe murya don kowa ya ji, na kira shi.

Na ce, "Idi, an ce bana ku manoma kun zama Alhazai. Ko kuɗin ne suka yi yawa har aka manta da 'yan birni?"

Majalisa ta kwashe da dariya, kuma na san ya ji dariyar. Ya ce, "Yana tafe, Yaya, in sha Allahu."

Bayan kwana shida aka sauke rabin buhun wake, shi kaɗai, ba gero ba dawa. Mamanki ta leƙo falo ta ce, "Alhaji, wannan wane irin wake Idi ya aiko mana? Duk toka ce, sai an wanke sau uku." Ina kwance ina kallon labarai, ko tashi ban yi ba, na ce, "Rowa ce kawai. Ƙasan rumbu ya share ya aiko mana." Aka wanke, aka yi ƙosai, aka yi alale, aka yi shinkafa da wake ranar Juma'a. Waken da daɗi, ke da kanki kika ce Mama ta sake yi.

Malam Sale mai kula mana da shuke-shuke ba ya nan a lokacin, ya tafi garinsu girbi kamar yadda yake yi kowace shekara ina ƙunƙuni. Ranar da ya dawo aka aike shi sito ya ɗauko wani abu. Sai ga shi ya fito da bakin buhun a hannu, ya same ni ina shirin shiga mota.

Ya ce, "Alhaji, wa ya aiko da wannan?"

Na ce, "Ƙanina ne. Me ya faru?"

Ya ɗebo a tafin hannunsa ya miƙo mini. "Alhaji, wannan ai ba na tukunya ba ne. Iri ne. Duba mana, tsintarsa aka yi ɗaya-ɗaya, babu mai huda, babu ƙanƙane. Tokar kuma don ƙwari aka zuba, don ya kai damina." Ya karkaɗe hannunsa a hankali cikin buhun don kada ƙwaya ta faɗi ƙasa, sannan ya ce, "Wanda ya aiko da wannan, babu abin da ya rage masa a ɗaki."

Ummi, ni ɗan manomi ne. Na ga kakarki da kika ci sunanta tana tankaɗe toka, tana zuba wa waken iri a tulu, tana liƙe bakin da laka. Na tuna shekarar da aka yi yunwa muna yara, muna shan ruwan kunu da rama, tulun nan yana ɗakin kakanki Malam cike, kuma ba wanda ya isa ya kalle shi sau biyu. Waken Malam ne, wanda yake zaɓa da hannunsa kowace shekara, Idi ya ci gaba da zaɓa bayansa, babu irinsa a shagon kowa. Na yi digiri a kan noma, na yi shekara talatin ina sa hannu a takardun iri. Sai da mai ban ruwan fulawata ya faɗa mini abin da na ci. Abin da ya rage a buhun bai cika kwano biyu ba.

Kin san abin da na fara ji? Ba kunya ba. Haushin Idi na ji. Na ce wannan wace irin wauta ce, mutum ya kasa buɗe baki ya ce babu? Sai daga baya na gane ni na rufe masa bakin. Yaya ne ya kira, a gaban manyan mutane, ana dariya. Me zai ce? Ya ce wa majalisar Alhazai gonar ubanmu ta kasa ciyar da shi? Ki ji wannan da kyau, don gobe ke ce babba a kan wasu: wasan wanda yake sama umarni ne a kunnen wanda yake ƙasa. Kuma mutanenmu sun gwammace su ba da abin da za su shuka da su ce ba su da shi. Idan kika zauna a ofis kina jiran sai sun zo sun ce miki sun gaza, za ki yi ritaya ba ki ji ba. Waɗanda kike ji a rediyo su ne masu bakin. Akasarinsu shiru suke yi, sai dai ki ga mota ba ta zo ba.

Na kira wayarsa, a kashe. Na kira matarsa Lami, ta ce, "Ya tafi cin rani, Yaya." Na ce ina? Ta ce bai faɗa ba. Mutumin da ya ba hamsin baya, wanda bai taɓa kwana bakwai a wajen garinmu ba in ba jinya ba. A ranar ya kamata in sa Direba ya tada mota in tafi gida. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Na ce sai bayan azumi, bayan azumi na ce sai an huta da hidimar Sallah. Abin da ke cin mutum a rai yakan iya samo masa uzuri kowace safiya, ni kuwa na ƙware a wannan tun ina ofis.

Wauta ta ƙarshe ita ce wadda ko Mamanki sai makon jiya na iya faɗa mata. Alhaji Garba ya yi sabon maigadi a cikin ranin nan. Na sha shiga gidan, ƙofa ta buɗe, in wuce. Sau biyu ma na sauke gilashi kaɗan na miƙa masa ɗan na goro, idona na kan waya. Ran nan na iso da la'asar na yi ham, ba a buɗe ba. Na sake yi, na danne. Na sauke gilashi gaba ɗaya don in yi masa faɗa, na ce, "Kai, ba ka ji ne?" Sai ga shi ya fito daga ɗakin gadi yana naɗe sallaya, yana jan ƙafar hagu. Tafiyar nan na san ta. Sa ne ya taka shi muna samari, ni na goya shi zuwa gida.

Ya ja ƙofar, ya tsaya a gefe, ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji."

Na bar motar a bakin ƙofa a kunne, na fito, na zauna a kan bencinsa.

Ya ce, "Ka tashi daga nan, Alhaji, kada maigidan ya gan ka a bencin maigadi."

Na ce, "Idi, yau ni ne Alhaji?"

Ya ce, "A nan ai haka ake kiran kowa."

Wani ɗan garinmu ne ya samo masa aikin. Bai san gidan abokina ba ne sai ranar da ya ga motata, kuma ya roƙi Allah kada in dube shi, Allah Ya karɓa. Na tambaye shi abin da ya faru da gonar. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne.

Ya ce, "Da, in na kai buhun masara ɗaya kasuwa ina dawowa da taki har da canji. Bara sai da na kai biyu na ƙara da akuya. Mai huɗa ya ce nasa, masu noma suka ce nasu, feshi sau uku. Na sayar da sa ɗaya tilo da nake da shi na ce in an girbe na mayar. Ruwa ya yi kyau, wallahi gonar ta ba da, ban taɓa zargin ƙasar Malam ba. Da kaka ta zo sai aka ce abinci ya sauka. Na kai duka, abin da aka ba ni bai sayo ko ƙafar san ba. Taki kuwa yana inda yake, bai ji an ce a sauka ba."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya nuna darbejiyar da leɓe. Daga bencinsa zuwa inda muke zama bai fi taku goma ba. Ya ce, "Ai na ji ka ran nan. Ka ce kai ƙaninka manomi ne, ka san mu, kuka muke da baki amma kowace kaka sai an sauke maka buhu."

Na faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Can na ce, "To waken fa? Me ya sa iri?"

Ya ce, "Malam ya ce kada kaka ta wuce. Ban taɓa bari ta wuce ba."

Washegari na kawo masa abin da ya rage na waken, a cikin leda, da tokarsa. Ya sa hannu ya ɗebo, ya shinshina, ya daɗe yana kallo. Na ce ya koma gida, taki da huɗa da feshi duk a kaina, har sa zan saya masa. Ya ƙulle ledar ya tura ƙarƙashin benci. Ya ce, "Bana ka saya, baɗi fa? Nan ko ba komai in wata ya mutu za a miƙo mini wani abu, ba sai na kalli sama ba. Yarana sun ga yadda na ƙare, babu mai son ya taɓa fartanya." Na matsa masa, ya ce, "Bari dai mu ga ruwa." Ya kuma roƙe ni kada in faɗa wa maigidan ko wanene shi, kada in faɗa wa yara. Na riƙe na farkon. Na biyun yau na karya, kuma na san zai ji haushina.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ban ce talakan unguwar Gama da yake awon garin tuwo da gwangwani kada ya samu sauƙi ba. Shi ma a wuya yake, kuma saukar abinci rahama ce a gare shi. Abin da yake ƙona mini rai shi ne a saukar da abin da manomi yake sayarwa, a bar abin da yake saya a sama, sannan mu da muke cikin sanyin falo, da rijiyar burtsatse muna ban ruwan ciyawar da ko akuya ba ta ci, mu juyo mu ce masa maƙaryaci. Idan kika zauna a teburin da ake yanke irin wannan shawara, aka ce a sauƙaƙa abinci, ki ce madalla, sannan ki tambaya wa zai biya sauƙin. Ki tambaya ko wanda ya noma na bana zai iya komawa gona baɗi. Za su ce yarinyar nan ta cika tambaya. Ki bari su ce. Ni ban cika tambaya ba, an yaba mini, an ba ni lambar yabo, tana nan rataye a bango sama da inda na kwanta na ce ƙanina marowaci ne.

Ranar Talata da rana aka yi ruwan shuka, kin gani, har ya shigo baranda. Jiya da sassafe Malam Sale ya zo ya durƙusa ya ce zai tafi gida, kuma karon farko ban yi masa zancen fulawa ba. Yana fita na ɗauki mota na nufi Giginyu. Tun daga kan kwana nake addu'a Allah Ya sa baƙuwar fuska ce za ta buɗe mini. Ƙasa tana ta ƙamshi, irin ƙamshin da yake hana manomi zama. Ban yi ham ba. Ƙofar ta buɗe, Idi ne. Hannunsa na kan ƙarfen ƙofa, idonsa na gabas inda hadari yake sake haɗuwa. Na leƙa ƙarƙashin benci, ledar tana nan yadda ya ƙulle ta. Damshin nan ba zai wuce kwana kaɗan ba, kuma gonar kakanki tana can ko huɗa ba a yi ba.

Ga abin da nake roƙonki. Gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ki sa Direba ya kai ki gidan Alhaji Garba. Kada ki bari ya yi ham. Ki sauka a waje, ki taka da ƙafarki, ki durƙusa a bakin ƙofar nan ki gaida Baffanki, ki ce kin zo sallama za ki tafi aiki. Kada ki kai masa kuɗi, kada ki yi masa wa'azin komawa gona, ni na yi bai ji ba, kuma ban cancanci ya ji ba. Ki tambaye shi yadda ake zaɓar iri, ki saurara har ya gama. Wataƙila idan ya faɗa da bakinsa hannunsa zai tuna. Zai ce miki Hajiya, don ya kare kansa, kamar yadda ya yi mini. Kada ki amsa. Sunan uwarsa gare ki, shi ya yi miki huɗuba ranar da aka haife ki ina can wurin taro. Ki zauna a durƙushe har sai ya ce Ummi.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin zama a inuwa ana yanke wa na rana hukunci. Ya sa ki fi ubanki gani. Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowane manomi gonarsa da mutuncinsa. Idan kin dawo daga Giginyu kada ki ce mini komai a kan takardar nan. Ki faɗa mini kawai ko ledar tana nan ƙarƙashin benci.

Wassalam.

Mahaifinki.